Kitse, Toka da Dalma: Abin da Ake Shafa wa Harsashi, daga Filayen Gasa zuwa Dajin Madarunfa

A ƙasashen da harbi ya zama wasan gasa, irin su Amurka da Suwidin da Ostareliya, akwai mutanen da ba sa ɗura harsashi a bindiga sai sun yi masa riga. Harsashin ya riga ya fito daga masana'anta da rigarsa ta tagulla, su kuma sai su ƙara masa ta biyu, siririya ƙwarai, ta wani busasshen gari mai santsi. Wanda aka yi wa ita yakan koma baƙi-baƙi yana ƙyalli kamar kwalli, in ka murza shi ya bar maka baƙi a yatsu. Masu yi suna cewa gogayya tsakanin harsashi da cikin bututu tana raguwa, bindiga ta daɗe ba ta yi datti ba, bututun kuma ya yi ƙarko. Masu suka suna cewa ɓarnar kuɗi ce da ɓata lokaci. An fi shekara 30 ana wannan gardama, har yau ba ta mutu ba.

A gundumar Madarunfa, kudu da birnin Maraɗi, inda tafkin nan mai kaburburan waliyyai 99 yake, inda kuma dajin Baban Rafi ya miƙe har iyakar Najeriya, mahalba ba su san wannan gari ba. Wani zai ce ai ci baya ne, da sun sani da sun nema. Ni ban yarda ba. Tambayar da Baturen gasa yake amsawa da garinsa, wato me za a sa tsakanin abin da ake harbawa da ƙarfen da yake bi ya fita, mahalbin Gabi ko na Safo ya daɗe da amsa ta, kuma amsarsa ta dace da bindigarsa. Yana da kurakuransa, wasu ma masu cin rai, amma ba a wurin da ake zato suke ba.

An daɗe ana shafa wa harsashi maiƙo. Baƙin albarushi, wanda aka yi ƙarnuka ana harbi da shi, ba ya ƙonewa duka. Fiye da rabin nauyinsa yana komawa toka da hayaƙi, kaso mai yawa kuma ya liƙe a cikin bututu. Bayan harbi kaɗan tokar ta bushe ta yi tauri, ɗurin gaba ya ƙi shiga. Sojojin Turai sun gane cewa kitse da kakin zuma suna sa tokar nan ta zauna da laushi, harsashin da ya biyo baya ya share ta ya fita da ita. Harsashin da aka sa wa sunan hafsan Faransa Claude-Étienne Minié a 1849 yana da tsagi-tsagi a gindinsa da ake cikawa da maiƙo.

Wannan maiƙo ya taɓa girgiza daula. Bindigar Enfield ta 1853 da Ingila ta kai wa sojojinta na Indiya tana amfani da ƙunshin takarda mai ɗauke da albarushi da harsashi, an shafe shi da kitse, kuma sai soja ya ciji bakin takardar ya yage kafin ya ɗura. Labari ya bazu a barikoki cewa kitsen saniya ne da na alade. Saniya abar girmamawa ce ga mabiya Hindu, alade kuwa ba sai an faɗa wa Musulmi ba. Ranar 10 ga Mayu 1857 sojojin Meerut suka yi bore, wutar ta cinye arewacin Indiya, kuma a 1858 gwamnatin Ingila ta karɓe mulkin ƙasar daga hannun kamfanin da ke riƙe da ita. Boren yana da dalilai masu zurfi, na ƙasa da haraji da wulaƙanci, amma kitsen harsashi ne ya kunna ashanar.

Abubuwa biyu suka sauya lissafin a shekarun 1880. Wani hafsan Suwizalan, Eduard Rubin, ya fito da harsashin dalma mai rigar ƙarfe a 1882. A 1884 Paul Vieille na Faransa ya haɗa albarushi marar hayaƙi, wanda bindigar Lebel ta 1886 ta fara aiki da shi. Toka ta ragu ƙwarai, gudu ya ninka. Harsashin bindigar ɗuri yana tafiya mita 300 zuwa 400 a daƙiƙa, na bindigar zamani mai dogon zango yana kai 800 zuwa 900. A irin wannan gudu tsurar dalma ba ta jurewa, tana laushi ta shafe cikin bututu, shi ya sa aka yi mata riga. Sai rigar ta kawo nata ciwon. Cikin bututun bindigar zamani akwai tsagi a murɗe, shi ke sa harsashi ya fita yana juyi ya tafi sak. Duk harsashin da ya wuce sai ya bar ɗan ɓurɓushin tagulla a jikin tsagin. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har saiti ya fara kaucewa. Mai gasar da ke neman ya zuba harsasai 20 a tsakiyar takarda daga nisan mita 600 ko 1,000 yana ganin wannan kaucewa da idonsa, a kan maki.

Maganin da aka kawo shi ne busasshen santsi. A 1984 wani Ba'amurke, Merrill Martin, ya yi rajistar wata dabara, kamfanin NECO kuma ya yaɗa ta. Ana zuba harsasai cikin ganga mai juyawa tare da ƙananan ƙwallayen ƙarfe da garin wani ma'adini, haɗin molibdinam da farar wuta, wanda maharban can ke kira moli a taƙaice. Ƙwallayen suna dukan garin har ya manne a jikin tagulla, daga baya a bi da ɗan kaki. Garin falle-falle yake, fallayen suna zamewa a kan juna ko da an matse su da nauyi mai yawa, kuma suna jure zafi. Makanikai sun san shi ba tare da sun san sunansa ba, shi ne ke cikin baƙin giris ɗin da ake cusa wa gaɓoɓin ƙafar mota. A shekarun 1990 abin ya zama yayi. Kamfanin Norma na Suwidin ya fitar da harsasai masu wannan riga da sunan Diamond Line, Sierra da Berger da Hornady na Amurka ma suka sayar da nasu. An kai lokacin da in ka zo layin gasa da jan harsashi sai a dube ka a matsayin wanda jirgi ya bari.

Me ya tabbata bayan ƙura ta lafa? Tagulla tana raguwa a cikin bututu, wannan gaskiya ne, mutum yana iya dogon harbi kafin ya wanke. Sauran alkawuran suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Da yake harsashi yana zamewa da sauƙi, matsin iskar da ke tura shi yana raguwa, gudunsa ma ya ragu, akasin abin da mai hankali zai fara zato. Masu haɗa harsashi da kansu sai suka riƙa ƙara albarushi don su cike giɓin, wanda kuma ya manta ya ɗora harsashi marar moli a kan wannan awo ya jefa kansa cikin hatsari. Bututun da aka wanke tas sai ya sha harsasai da dama kafin saitinsa ya zauna. Garin yana taruwa a maƙogwaron bututu ya yi dandali mai wuyar kankarewa. A wuraren da ke da laima mutane suka yi ta kukan tsatsa a ƙarƙashinsa. Maganar ƙarko kuwa ta yi rauni tun daga tushe, domin abin da ya fi cin bututu shi ne zafin wutar albarushi a daidai inda harsashi ke tashi, kuma santsi ba ya kashe wuta. Wasu suka koma garin tongistan da farar wuta, wasu suka koma wani farin gari na boron da naitirojin wanda gwanin harbin nan David Tubb ya tallata. Da yawa suka koma jan harsashinsu, suna kuma cin gasa da shi.

To, ita bindigar Madarunfa fa? Wadda aka gada, wadda ake kira adaka ko harba-ka-ruga, cikinta sumul yake, babu tsagi. Ta baki ake ɗura ta, da baƙin albarushi, a bi da tsumma ko auduga, a zuba ƙwayoyin dalma, a sake toshewa. Babu rigar tagulla balle ta bar ɓurɓushi. Zangonta gajere ne, mahalbi yana lallaɓawa har ya kusanci zabuwar daji ko gada kafin ya ja kunama. Duk matsalar da aka ƙirƙiri moli dominta, wannan bindiga ba ta da ita.

Zamanta a haka kuma ba rashin dabarar maƙera ba ne, akwai hannun siyasa a ciki. A ƙarni na 19, lokacin da sarakunan Katsina da jihadi ya kora suka kafa Maraɗi, har zuwa zamanin Sarki Ɗan Baskore, doki da mashi da kwari da baka ne ƙashin bayan yaƙi. Bindiga tana nan amma ba ta da yawa. Damagaram ce ta yi fice, inda Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi, ya sa ana haɗa albarushi ana kuma zuba igwa a Zinder. Daidai lokacin da bindiga mai tsagi ta fara yawa a duniya, sai ƙasashen Turai suka zauna a Burasel a 1890 suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar da ta hana sayar wa mutanen mafi yawan Afirka irin waɗannan makamai. Abin da aka bari a kasuwa shi ne tsohuwar bindigar ƙanƙara marar tsagi da albarushin fatake. An ce don yaƙi da cinikin bayi aka yi. Shekara 9 bayan haka ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar Hausa da bindigogi masu tsagi, ya ƙone Birnin Ƙonni, ya zubar da jini har yankin Tasawa. Mulkin mallaka ya ci gaba da tsare wannan bambanci. Maƙeran karkara suka kwaikwayi abin da aka bar musu, suka iya shi, suka gadar wa 'ya'yansu.

Shafa wa abin harbi wani abu kuwa tsohuwar sana'a ce a nan, sai dai manufarta daban. Mahalbin dauri kibiyarsa yake shafawa da dafi, wanda ginshiƙinsa 'ya'yan kwankwani ne, tsiron da gubarsa ke tsayar da zuciya. Likitocin Turai ma sun ciro maganin zuciya daga danginsa a ƙarshen ƙarni na 19. Bature yana shafa wa harsashi abin da zai yi aiki a cikin bututu, kafin ya fita. Mahalbi yana shafa wa kibiya abin da zai yi aiki a jikin nama, bayan ta isa. Da bindiga ta maye gurbin baka, dafi ya ja baya, amma tunanin cewa ƙarfe kaɗai ba ya kisa sai an haɗa masa da wani abu bai tafi ba. Shi ne ya koma tofi a kan dalma, da laya a ƙotar bindiga, da turaren da ake yi mata kafin a shiga daji, da dokokin abin da ba a yi in an rataye ta. Bafaranshen nan Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana nazarin Hausawan kwarin Maraɗi, ya nuna yadda farauta take gado na wasu zuriyoyi, da alƙawarinsu da masu dawa, da bikin buɗin daji kafin a fara.

A duba tsohon mahalbi da ya dawo daga dawa. Kafin ya nemi fura, yakan zauna a kan buzu ya ɗora bindigar a cinya. Ya naɗa tsumma a bakin sandar ɗuri, ya tsoma a ruwan zafi, ya zura ya jawo. Tsumman farko yana fitowa baƙi ƙirin, da warin ruɓaɓɓen ƙwai, warin farar wuta ke nan. Ya sake, ya sake, har tsumma ya fara fitowa da haske. Ya jingine ta baki ƙasa ta tsane, ya bar ta a rana ƙarfen ya ɗumama, sannan ya lakaci ɗan kitse ko man kaɗe ya bi cikin da wajen. In yaro ya miƙo hannu, sai ka ji, "Kai, bari! Ba a taɓa ta da yunwa." Yana nufin tana iya zama a ɗure.

Duk abin da ya yi ɗin nan, masanin sinadarai ba zai gyara masa ko ɗaya ba. Tokar baƙin albarushi gishiri-gishiri ce, tana jan laima daga iska, tana cin ƙarfe cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ruwa ne ke narkar da ita, mai ba ya iyawa. Ruwan zafi yana sa ƙarfe ya bushe da wuri. Kitse da man kaɗe suna jituwa da tokar, suna barin ta da laushi. Masu sha'awar tsofaffin bindigogi a Amurka, da duk kantunansu cike da kwalabe, har yau kitse da kakin zuma suke haɗawa, ruwan zafi suke wankewa da shi. Inda aka fara lalacewa shi ne zuwan baƙin man inji. Yana ko'ina, kyauta ake samunsa wurin mai gyaran babur, kuma saurayi yana ganin abin da ya dace da inji ya fi dacewa da bindiga a kan kitsen akuya. Amma man inji in ya haɗu da tokar albarushi da zafi, kwalta yake zama, mai danƙo, mai wuyar fita. Man gyaɗa ma ba shi da kirki a nan, in ya daɗe yana daskarewa ya riƙe kunama. Tsoho ya fi saurayi gaskiya a wannan, ko da ba zai iya ba shi dalili ba sai "haka muka taras".

Yanayin wurin yana da nasa hukunci. Madarunfa na cikin yankunan da suka fi samun ruwa a jihar Maraɗi, ga tafki, ga gulbi, ga fadamu. Daga Yuni zuwa Satumba tsatsa ce abokiyar gaba, maiƙo wajibi ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kawo ƙura mai laushi da ke shiga ko'ina, ta haɗu da mai a jikin kunama da ƙarfen da ke bugun wuta, ta zama abin goge ƙarfe tana cin su a hankali. Lokacin ne kuma na farauta, bayan an kawar da amfanin gona. A nan kaɗai busasshen santsi yake da abin cewa a ƙasarmu, kuma a kan gaɓoɓin bindiga, ba a kan harsashi ba. Masu gyaran kwaɗo da makulli sun san baƙin cikin fensir yana sa mabuɗi ya juya ba tare da ya tara ƙura ba. Ɗan'uwan moli ne a aiki, kuma kuɗinsa bai kai na goro ba.

Kada a ɗauka ina wanke mahalba ne. Akwai al'adu a cikin sana'ar da ba su da kariya. Ana barin bindiga a ɗure wata da watanni a rataye a ɗaki, albarushin ya sha laima, ranar da aka ja kunama ta yi shiru, mutum ya juyo da bakinta yana dubawa, sannan ta tashi. Ana awon albarushi da tafin hannu, kuma hannun mai fushi ko mai tsoro ya fi na mai natsuwa cika. Ana cusa guntayen ƙarfe da ƙusoshi in dalma ta yi wuya, su kuwa ba sa lotsawa, suna kartar bututu ko su cije a ciki. Ana yin bututu da bututun ruwa mai ɗinki a gefe, wanda ba a yi shi don ɗaukar matsi ba. Sakamakon yana nan a hannuwan mutane, yatsu uku, yatsu biyu. Idan kuma abin ya faru, ba a cika cewa awo ne ya yi yawa ba. Sai a ce an yi wa bindigar baki, ko mai ita ya karya doka, ko naman da ya nufa ba nama ba ne.

Ba na yi wa wannan dariya, domin maharban gasa na Amurka, da digirorinsu da na'urorinsu, sun shekara 10 suna shafa baƙin gari saboda zakaran bara ya shafa. Mutum in ya yi kuskure yana son ya ɗora wa wani abu, in ya dace yana son ya riƙe abin da ya yi a ranar. Bambancin ɗaya ne, kuma babba ne. Su suna da takardar saiti da na'urar auna gudu da littafin da suke rubuta kowane harbi. Da alƙaluma suka taru, yayin ya faɗi da kansa, aka riƙe ɗan abin da ya tabbata aka zubar da saura. Mahalbinmu ba shi da wannan. Iliminsa yana kansa, gaskiya da camfi a cakuɗe, kuma yaron da ya gada ba shi da hanyar rarrabe su. Sau da yawa ma camfin yake riƙewa, don shi ya fi daɗin faɗa a dandali, ya bar ruwan zafi da tsumma.

Gadon ma yanzu yana yankewa. Giwayen da kan ƙetaro daga Najeriya zuwa Baban Rafi a shekarun baya sun zama labari, manyan namun daji sun ƙare, saura zomo da gafiya da zabi da tsuntsayen ruwa. Dokar farauta ta Nijar, mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, ta shar'anta lasisi, ta tsara lokacin buɗewa da rufewa, ta jera dabbobin da ba a taɓawa, amma mahalban ƙauye nawa ne suka taɓa jin an karanta musu ita da Hausa? Sannan ga abin da ya fi komai sauya dawa. Tun wajen 2019 rikicin 'yan bindiga na Zamfara da Katsina da Sakkwato ya turo dubban 'yan gudun hijira jihar Maraɗi, satar shanu da satar mutane suka shigo ƙauyukan bakin iyaka. Dajin da mahalbi ke kwana a ciki ya zama wurin da ake tsoro. Bindigar da aka yi don gada ta koma ta tsaron gari, a hannun samarin da ba su taɓa zama gaban tsoho sun ga yadda ake wanke ta ba, suna fuskantar masu Kalashnikov. Saurayin da ya san abin da ke gabansa zai ƙara awo, yana zaton ƙarfi yake ƙarawa. Nijar tana da hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994, kuma aikinta yana da muhimmanci, sai dai bindigar gado a hannun mahalbin da gari ya sani tana buƙatar rajista da horo, ta hannun masu gari da jami'an gandun daji, fiye da a bar ta a ɓoye a rufin ɗaki.

Akwai reshe ɗaya na wannan sana'a ta yi wa harsashi riga da ya shafe mu kai tsaye, kuma ba a cika maganarsa ba. A shekarun baya-bayan nan masu zuba harsashin dalma da kansu a ƙasashen waje sun koma rufe shi da wani fenti na roba da ake gasawa. Ɗaya daga cikin amfaninsa shi ne hannu ba ya taɓa tsurar dalma, hayaƙinta ma yana raguwa wurin harbi. Sun yi haka ne domin sun san dalma guba ce. Mu ma mun sani, da tsada muka koya. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka mutu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje. Dalma ba ta da awon da likitoci suka ce ba ya cutar da yaro. Kaɗan ma tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa.

Yanzu a tambaya, ina mahalbi ke samun dalmarsa? Mafi sauƙi tsohon batirin mota. Ana fasa shi, a ciro farantan, a narka a gwangwani ko tsohon kasko. Dalma tana narkewa a digiri 327, wutar gawayi ta ishe ta, shi ya sa ba a buƙatar maƙera, a tsakar gida ma ana yi, kusa da murhu, yara suna kewaye suna kallon yadda take malala tana sheƙi. Ƙwayoyin da suka faɗi a ƙasa, mai rarrafe ya tsinta ya kai baki. Garin da ya fito daga batirin ya bi iska ya sauka a kan tabarma da ƙwarya. Sannan naman da aka harbo yana ɗauke da ƙwayoyi da ɓurɓushinsu, a jefa a tukunya da tsamiya ko yakuwa, tsami kuwa yana taimaka wa dalma ta narke cikin romo.

Tafkin ma yana karɓar rabonsa. Duk harbin da aka yi wa kirinjijiya ko dinya a bakin ruwa, ƙwayoyi kaɗan ne ke samun tsuntsu, saura suna nutsewa cikin laka. Agwagin ruwa suna haɗiyar tsakuwa don niƙa abinci, ba sa bambanta ta da dalma, ƙwaya ɗaya ko biyu tana iya kashe tsuntsu a hankali. Saboda haka Tarayyar Turai ta hana harbi da ƙwayoyin dalma a fadamu da bakin ruwa daga 15 ga Fabrairu 2023, jihar Kalifoniya ta Amurka kuma ta hana farauta da dalma gaba ɗaya tun Yuli 2019. Wasu daga cikin tsuntsayen da ake karewa a Turai su ne ke sauka a tafkunan Sahel da sanyi. Madarunfa kuma tafkin masunta ne da masu lambu, ruwansa da kifinsa suna shiga cikin mutane.

Ba zan ce mahalbin garin Sarkin Yamma ya sayi ƙwayoyin bismut daga Turai a madadin na dalma ba, kuɗin kwali ɗaya ya fi abin da zai samu a farautar wata. Ƙarfe mai tauri kuma bai dace da bututun maƙera ba. Amma akwai abin da ba ya cin ko dala. Sarakunan dawa da shugabannin mahalba na gundumar, waɗanda maganarsu ta fi ta kowane jami'i shiga kunnen yaransu, su sa a cikin dokokin sana'a cewa ba a narka dalma a cikin gida ko inda yara suke, kaskon da aka narka ta ba ya komawa madafa, mai yi ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. A yanke naman da ke kewaye da raunin harbi a binne shi, kada a jefa wa kare. Mai ciki da ƙaramin yaro a ba su wani naman. Ma'aikatan lafiya na Madarunfa da Ɗan Isa da Gabi kuma, in an kawo musu yaron gidan mahalbi ko na mai fasa batir yana fama da ciwon ciki da kasala da farfaɗiyar da ba ta jin maganin zazzaɓi, su tambayi uban ko ana narka dalma a gidan.